Gadin gona a ƙasar Jos: abin da shinge zai iya da abin da ba zai iya ba

Duk wanda ya san noman dankalin Turawa a Bokkos ko Mangu ya san wannan salon sata. Ka zo da safe ka tarar da ganye kore shar, kunyoyi a tsaye, babu abin da zai ja hankalinka. Sai bayan kwana biyu ka ga wasu gindi sun yi yaushi a tsakiyar gona. Ka sa hannu a gefen kunya, ƙasa ta rufta, babu komai a ciki sai 'yan ƙanana da ba su kai ƙwan zabo ba. An tona ta gefe, an zare manyan, an mayar da ƙasa an daddale da tafin hannu. Wanda ya yi wannan aiki ya san ranar da aka yi shuka, ya san dankalin ya kai wata biyu da rabi, ya kuma san ranar da mai gona ba ya zuwa. Da ɗan gari akan ci gari.

Shi ya sa maganar tsaron gona ba daga sayen waya take farawa ba. Daga tambaya uku take farawa: me ake ɗauka, yaushe ake ɗauka, kuma wa ya san inda yake?

Masu shiga gona ba iri ɗaya ba ne, kuma maganin wani ba ya yi wa wani. Akwai mai ɗan hali, wanda buhu ɗaya da babur ya ishe shi. Akwai dabbobi, daga akuyar maƙwabci zuwa garken shanu. Akwai na cikin gida, wato ɗan ƙwadago ko mai kula da gonar da kansa, kuma a gonar da mai ita yake zaune a unguwar Rayfield ta Jos ko Abuja sai ƙarshen mako yake leƙowa, wannan ne ya fi cin dukiya. Sannan akwai masu zuwa da makami, waɗanda batunsu daban ne, zan zo kansa.

Gona ba ta buƙatar gadi wata goma sha biyu

Babu mai satar dankalin da aka shuka jiya, sai dai irin, shi ma cikin kwanakin farko kafin ya tsiro. Wanda aka shuka da ruwan farko a Afrilu ko Mayu, hatsarinsa yana cikin makonni ukun ƙarshe kafin haƙa, wajajen Yuli zuwa Agusta. Masara kuwa lokacin da take ɗanya, gemunta ya fara bushewa, a nan take da kasuwa a bakin titi wajen masu gashi. Kabeji idan ya dunƙule, tumatir idan ya fara ja, karas idan kafaɗarsa ta leƙo. A lambun rani da ke gefen tafkunan tsohuwar haƙar kuza, abin da ya fi tsada ba ganye ba ne, injin ban ruwa ne. Idan ka zauna da biro ka rubuta waɗannan makonni, za ka ga kuɗin da za ka biya maigadi ɗaya shekara guda yana gyangyaɗi ya isa ka biya mutum biyu na mako shida a daidai lokacin da ake bukatarsu.

Haka nan akwai ranakun da gona ke zama babu kowa, kuma kowa ya sani: lokacin sallar Juma'a, safiyar Lahadi, ranar kasuwa, ranakun Sallah da Kirsimeti, ranar jana'iza ko biki a ƙauye. Daren farin wata ɓarawon amfanin gona yake so, domin yana ganin abin da yake cira ba tare da tocila ba. Mai fasa sito kuma daren ruwan sama yake jira, saboda ƙarar ruwa a kan kwano tana haɗiye ƙarar guduma.

Shinge

A yi lissafi kafin a je kasuwa. Hekta ɗaya mai murabba'i, mita 100 kowane gefe, kewayenta mita 400 ne. Idan gonar doguwa ce, mita 50 da 200, faɗin ƙasar ɗaya ne amma kewayen ya zama mita 500. Idan za a kafa dirka kowace mita 3, mita 400 na cin dirka kamar 134. Layi biyar na waya mai ƙaya mita 2,000 ke nan, a ƙara 200 saboda ɗauri da kwana. Dirkar ta kai mita 2.1, a binne santimita 60, sauran mita ɗaya da rabi a sama.

Inda aka fi yin kuskure shi ne kusurwa. Duk jan wayar a kan dirkar kusurwa yake tarewa, to idan ba a zuba mata kankare ba, ba a kuma yi mata tokari ta ɓangarorin biyu ba, damina ɗaya ta isa ta sunkuya, wayar ta saki, sai ka ga yaro ya taka layin ƙasa ya ɗaga na sama ya wuce. Kuskure na biyu tazarar layuka. Mutane kan raba su daidai wa daida, alhali akuya da tunkiya ta ƙasa suke bi. Layin farko kada ya wuce santimita 15 daga ƙasa, na biyu 35, na uku 60, sai 90, sai 120. Inda shinge ya ratsa kwari ko hanyar ruwa, a cike ƙasan da duwatsu, wanda dai ƙasar Jos ba ta rasa su ba.

Dirkar itace gara ce abokiyar gabarta. A babbake gindin a wuta ko a jiƙa shi da baƙin mai kafin a binne, duk da haka kada a sa ran za ta daɗe. Dirkar ƙarfe tana da ƙarko, amma ita kanta kaya ce a wurin 'yan gwangwan, kuma an sha wayar gari a tarar an tumɓuke layi guda. Ta kankare mai rodi a ciki ita ce ba ta da mai saye, nauyinta kuma ya fi ƙarfin babur. Ita ma wayar ana naɗe ta a tafi da ita. Dabarar da ke rage wannan ita ce a ɗaure ta tam a kowace dirka, a kuma shafa mata fenti mai launi tsalli-tsalli, don wayar da aka gane gonar da ta fito ba ta sayuwa da sauƙi.

A ganina, waya shinge ne na wucin gadi kafin na gaskiya ya girma. Na gaskiyar shi ne wanda mutanen ƙasar nan suka gada, wato ƙyarana, tsiro mai ƙaya da farin ruwa, wadda har yau za ka ga ta zagaye gidaje da gonaki a ƙauyukan Berom. Ba ta ruɓewa, gara ba ta cin ta, dabba ba ta kusantarta, babu kuma mai saya a kilo. Ana saro rassa masu tsawon kamu ɗaya da rabi zuwa biyu, a jingine su a inuwa 'yan kwanaki har bakin saran ya bushe, sannan a dasa gab da faɗuwar damina, tazarar santimita 30 zuwa 40. Wanda ya dasa ɗanyen sara a tsakiyar Agusta, ƙasa jagab, rabinsu za su ruɓe. Layi biyu a karkace, kowane reshe yana toshe tazarar na gabansa, ya fi layi ɗaya nesa ba kusa ba. Sai dai a kula da farin ruwanta: yana ƙona fata, idan ya shiga ido kuma yana iya yin mummunar illa. Mai sara ya sa tabarau da safar hannu, kada yara su yi wannan aiki. Tana ɗaukar shekara biyu zuwa uku kafin ta rufe, shi ya sa ake haɗa ta da waya a farko. Bini-da-zugu ya fi ta saurin kamawa, dabbobi ba sa cin sa, amma yana zubar da ganye da rani, 'ya'yansa kuma guba ne ga yaran da za su ɗauka gyaɗa ce.

Wasu kan haƙa rami a bayan shinge, faɗin mita ɗaya zurfin mita ɗaya, su tara ƙasar ta ciki. Yana hana shanu da babur. Amma a gonar da ke kan gangare, ramin da ya bi gangaren zai zama hanyar ruwa, shekara biyu ya koma kwazazzabo ya ci gonar da aka ce ana karewa.

Ƙofa ɗaya tak, a inda ake hango ta daga bukkar maigadi. Kuma a share ciyawa faɗin mita 2 zuwa 3 ciki da wajen shinge. Amfaninsa biyu: babu maɓoya, kuma idan hunturu ya kama, wutar daji ba ta tsallakowa. Idan aka bar wannan fili da laushin ƙasa aka riƙa jan reshe a kai da yamma, duk wanda ya shiga da dare zai bar sawu, ka san ta ina ya zo, su nawa ne, da takalmi ko da taya.

Duk da haka a sani, shinge lokaci kawai yake ɓata wa ɓarawo. Mai filaya a aljihu minti ɗaya ya ishe shi. Idan babu wanda zai ji ya fito, shingen ado ne.

Inji, sola da sito

Injin ban ruwa mai inci 2 ko 3 mutum ɗaya yana sungumarsa ya ɗora a babur. Ɓoye shi a cikin ciyawa a bakin tafki ba dabara ba ce, tunda duk wanda ya ji ƙararsa da rana ya san inda yake kwana. Ko dai a tafi da shi gida kullum, ko a zuba masa dakalin kankare da zoben rodi a ciki, a rufe shi da kejin ƙarfe. Ranar da aka saye shi a rubuta lambar da ke jikin injin, a ɗauki hotonta, a ajiye rasit. A kuma buga wata alama da kurfi a wuri biyu, ɗaya a fili ɗaya a ɓoye, a ƙarƙashin tanki misali. Da yawa an ga injinsu a hannun bakanike amma ba su da abin da za su nuna wa 'yan sanda cewa nasu ne. Tiyo ma a naɗe shi, domin ana yanka shi gunduwa-gunduwa a sayar.

Farantan sola a ɗaga su sama, a yi wa notunan walda bayan an ɗaure. Bakin rijiyar burtsatse a yi masa murfin ƙarfe mai kwaɗo, in ba haka ba za a zaro famfon da igiyarsa da kebul ɗinsa a dare ɗaya.

Sito kuwa, mutane na kashe kuɗi a kan ƙaton kwaɗo su manta da abin da aka rataya shi. Idan da kusoshi aka kafa marataya daga waje, sukundireba ya isa. A yi amfani da noti mai ratsa ƙofa, a ɗaure ta ciki, a yi wa kwaɗon akwatin ƙarfe yadda almakashin rodi ba zai kama wuyansa ba. Sannan a ɗaga kai a dubi rufi. Kwano ɗaya ake ɓamɓarewa a sauko. Ragar rodi a ƙarƙashin kwanon tana toshe wannan. Mafi sauƙi duka shi ne kada taki ya kwana a gona: buhun da za a zuba yau shi za a kawo yau. Haka amfanin da aka cire, a shirya mota tun kafin a fara haƙa, ya wuce kasuwar Farin Gada ta Jos ko gida a ranar. Tarin buhunan dankali a bakin gona da dare gayyata ce.

Na cikin gida

Wannan ita ce satar da ba ta barin sawu. Buhun taki mai kilo 50 ya fita sito, an zuba kashi biyu cikin uku a gona, sauran ya bi ta bayan shinge a cikin bakko. Maganin feshi an rage, an cika jarka da ruwa, bayan mako biyu ciyawa ta ƙi mutuwa a ce maganin jabu ne. A gidan kaji kuma kullum "uku sun mutu jiya", ƙwai kuma kullum "sun fashe".

Ba zargi ke maganin wannan ba, ƙidaya ce. A buɗe buhu da kwalba a gaban mai gona ko wakilinsa, a dawo da buhun da kwalbar babu komai a ƙirga. Kazar da ta mutu a ga gawarta ko hotonta kafin a binne, ƙwan da ya fashe a ga ɓawonsa. Kiret ƙwai 30 ne, adadin kaji sananne ne, to idan abincin da suke ci bai ragu ba amma ƙwai ya ragu kwatsam, kuma babu alamar ciwo, akwai magana. Mai riƙe makulli daban, mai rubuta littafi daban. A gonar dankali ko kabeji, a ƙirga kunyoyi, a tona gindi goma daga wurare daban-daban a auna, a san abin da ake sa rai kafin ranar girbi. Mai gona kuma kada ya zama mai zuwa ranar Asabar ƙarfe goma kamar agogo.

Gaskiya ɗaya da masu gona ba sa son ji: ma'aikacin da aka riƙe wa albashi wata biyu zai biya kansa da kansa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Maigadi, kare da fitila

Maigadi ɗaya a gona mai nisa ba gadi yake ba, addu'a yake gari ya waye. Biyu ne mafi ƙaranci, kuma a ɗauko su ta hannun wanda zai tsaya musu, mai unguwa ko wani dattijo sananne. Kayan aikinsu tocila mai ƙarfi, usur, waya mai caji da kati, takalmin roba saboda maciji, rigar ruwa, da bargo na kirki. Wannan na ƙarshe ba wasa ba ne. Jos tana kan tudu mai tsayin mita 1,200 da wani abu, sanyin Disamba da Janairu kuma yana korar maigadi cikin ɗaki ya toshe ko'ina ya hura gawayi. Daga nan gadi ya ƙare, kuma hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kashe mutum cikin barci. A yi bukkar a kan tudu, da tagogi ta kowane gefe.

Usur ba shi da amfani idan babu mai amsawa. Manoman da gonakinsu ke jere su zauna tun kafin kaka su yi magana ɗaya: busa uku a jere na nufin a fito, kowa ya amsa da nasa, a haska tocila daga ko'ina. Su haɗa kuɗi su biya 'yan sintirin da hukuma ta san da su. Gona goma masu gadi tare sun fi gona ɗaya mai katanga.

Kare yana da amfani saboda haushinsa, ba cizonsa ba. A ɗaure shi da rana, a sake shi da dare, mutum ɗaya ne zai riƙa ba shi abinci don kada ya saba karɓa a hannun kowa, tunda da nama mai guba ake fara kawar da shi. A yi masa allurar haukan kare duk shekara, ga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom nan kusa, tun 1924 take wurin. A tuna kuma a Filato kare ma yana da kasuwa, don haka shi ma abin sata ne. Zabi ba sa karɓar cin hanci, da sun ga baƙon motsi za su cika gari da kuka.

Fitilar sola da ke ci dare duka tana haska wa ɓarawo hanya ne kawai. Wadda ke kamawa idan ta ji motsi ta fi, don tana firgita mai shigowa tana kuma nuna wa maigadi inda zai duba. A kafa ta tana kallon waje, bukkar maigadi ta zauna cikin duhu. Kyamara mai sola da layin waya tana aiki inda akwai sabis, a ƙofa da sito da wurin inji, tsayin mita 3 zuwa 4. Matsalolinta sanannu ne: reshe ko ciyawa na kaɗawa tana ta turo saƙo har mai gona ya gaji ya kashe, ƙurar hunturu tana rufe farantin, hadarin Agusta kuma yana hana batir cika. A goge farantin duk mako, a kuma zaɓi wadda ke tura hoto waya nan take, don idan a katin cikinta kaɗai take ajiyewa, da ita da shedar za a tafi.

Shingen lantarki na gaskiya da na'urarsa yake zuwa, mai harba wuta kamar sau ɗaya a daƙiƙa, ta girgiza ba ta kashe ba. Yana bukatar rodin ƙasa uku masu tsawon kusan mita 2, tazarar mita 3, a wuri mai damshi. Da rani idan ƙasa ta bushe ƙarfinsa yana raguwa sai an riƙa jiƙa gindin rodin, da damina kuma ciyawar da ta taɓa waya tana shanye wutar, ga tsawar Jos da ke ƙona na'ura in ba a sa mata kariya ba. Amma jona waya kai tsaye da wutar gida ko janareta, wannan tarkon kisa ne. Yaro mai neman itace ko maƙwabci shi yake fara kamawa, kuma mai gonar ne zai amsa tuhumar rai.

Idan shanu sun shiga, idan an kama mutum

Kafin a kafa dirka ko ɗaya, a tambayi dattawan wurin ina burtali ya bi, ina mashaya take. Shingen da ya toshe hanyar da shanu suka saba bi zuwa ruwa ba zai tsaya ba, ko da na ƙarfe ne. A san Arɗon yankin tun babu rigima, a karɓi lambarsa, a sanar da shi lokacin girbi. Ɓarna da yawa yara ƙanana ne da aka bar wa garke ya fi ƙarfinsu.

Idan an yi ɓarna, a ɗauki hoto da bidiyo kafin a taɓa komai: sawu, kashi, kunyoyin da aka tattake, da alamar da ke jikin shanun idan suna nan. A kira mai unguwa da Arɗo su gani da idonsu a ranar, a ƙirga kunyoyi, a yi kima, a rubuta abin da aka amince kowa ya sa hannu. In abin ya ƙi, sai 'yan sanda ko rundunar Agro Rangers ta Sibil Difens, wadda aka kafa musamman don tsaron gonaki. Sare dabba, ko zuba guba a ciyawa ko a ruwa, ba ya dawo da kabeji ko ɗaya. Kowa a Filato ya san yadda saniya ɗaya ko gona ɗaya ke zama sanadin abin da ya fi ƙarfin ƙauye.

Ɓarawon da aka kama, a riƙe shi da kayan a hannunsa, a kira shedu, a miƙa shi ga hukuma. Da zarar an taru an yi masa duka ya jikkata ko ya mutu, shari'ar ta juya kan mai gona da maigadinsa. Bindiga kuma, har ta gargajiya, riƙe ta ba tare da lasisi ba laifi ne a dokar Najeriya.

Masu zuwa da makami cikin dare, su kwashe dabbobi ko su sassare amfanin gona, ba aikin maigadi mai tocila ba ne. A gaya masa tun ranar da aka ɗauke shi, a fili, cewa ba a ce ya tsaya ba. Ya san hanyar da zai bi ya fita ta baya, ya san gidan da zai nufa, sai ya tsira sannan ya buga waya. A wayarsa a ajiye 112, da lambar ofishin 'yan sanda mafi kusa, da ta shugaban 'yan sintiri. A irin waɗannan wurare ana zuwa gona ne a ƙungiya, a tashi kafin la'asar sakaliya, dabbobi kuma su kwana cikin gari.

Dabbar da aka sace, sa'o'in farko su ne komai. Hoton kowace ɗaya ta gefe biyu, da tsagar kunne ko lambar da aka maƙala mata, su kasance a waya tun yau. Da an ga babu ita, kafin a gama bin sawu, a tura hotunan ga shugabannin kasuwar Kara ta Bukuru da sarkin fawa na garuruwan kusa, tun kafin mahauta su fara yankan asuba.